Shagon Alheri Nawa Ne A Zongo?

Daga Nima zuwa Sabon Zongo a Akara, har Aboabo ta Kumasi, shagunan da ake kira Alheri, Nasara ko Rahama ba sa ƙirguwa. A da ba damuwa, mai saye ya san ƙofar da zai shiga. Yanzu kuwa mutum zai tambayi ChatGPT ko Meta AI lambar telan Alheri, na'urar ta ba shi ta wani telan, ta haɗa da ƙorafin da aka yi kan wani dabam. Kuɗin MoMo ya tafi gidan da ba naka ba, sunanka kuma ya ɓaci a banza.

Na'urar ba ta san ka ba. Abin da ta tsinta a intanet take harhaɗawa, inda ta ga giɓi ta cike da na maƙwabcinka.

Don haka ɗan kasuwa, ƙara sana'a da unguwa a jikin sunan shagonka. Rubuta suna, lamba da adireshin GhanaPost GPS iri ɗaya a Google Maps, Facebook da allon shago. Lokaci-lokaci ka tambayi na'urar da kanka, ka ji me take faɗa a kanka. Suna linzami ne, kada ka sakar mata.