Fagen Kimiyya: Tulun Ƙuri'a A Ɗakin Jarirai

Idan likitoci suka so su tabbatar ko sabon magani ya fi tsoho, al'adarsu ita ce su raba majiyyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi su sami wannan, rabi wancan, har ƙarshen gwaji. To, amma mene ne hukuncin bawan Allahn da ƙuri'a ta jefa shi ɓangaren da alamu suka riga suka nuna ya gaza?

Wannan damuwa ce ta sa masana lissafi biyu, Wei da Durham, suka tsara wata dabara a 1978. Za a sa ƙwallaye cikin tulu, kowane launi yana wakiltar magani guda. Majiyyaci ya zo, a zaro ɗaya, a mayar. In ya warke, a ƙara ƙwallo mai launin maganinsa. In bai warke ba, a ƙara na ɗayan. Da haka tulun yake rinjaya wajen maganin da ke ci.

Dakta Robert Bartlett na Jami'ar Michigan a Amurka ya gwada ta kan jarirai waɗanda huhunsu ya kasa aiki, da wata na'ura mai suna ECMO, wadda ke janye jini daga jiki, ta shayar da shi iskar oksijin, ta komar da shi. Jariri na farko ya sami na'urar, ya rayu. Na biyu ya sami tsohuwar jinya, ya rasu. Daga nan goma suka biyo baya, duka aka sa musu na'urar, duka suka rayu.

Da aka buga sakamakon a 1985, sai likitoci da yawa suka ce faufau, ba a yanke wa tsohuwar jinya hukunci da jariri ɗaya tak. Kuma suna da hujja, gama tulun da aka fara da ƙwallaye biyu kacal dole ya karkata tun ba a je ko'ina ba. Sauri ya haifi nawa.

Gardama ba ta kwanta ba sai da aka sake gwaji a Birtaniya da ƙuri'ar raba-daidai, aka bayyana shi a 1996. Cikin jarirai 93 da aka ware wa na'urar, 30 suka rasu. Cikin 92 da aka bari kan tsohuwar jinya, 54 suka rasu.