A Bar Yaro Ya Karanta Gwajinsa Da Kansa

A shekarar 1977 Gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya guda biyu, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa, don a sami likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa. An kuwa samu. Amma akwai wani abu da ya kamata manoman Kura da Bunkure su nema wurin yaran nan, wato su iya duban gwaji su faɗi abin da ya nuna, ba sai malami ya gaya musu ba.

Sau da yawa a makarantu malami kan faɗi amsa tun ba a fara gwaji ba. Yaro ya auna, ya ga nasa bai zo daidai da na littafi ba, sai ya goge ya kwafi na littafi. To, ya ci jarrabawa, amma bai ƙaru da kome ba.

Ga yadda ya kamata a yi. A ba yara fangali biyu na tumatir, iri ɗaya, dashe rana ɗaya, ban ruwa ɗaya. A zuba wa ɗaya takin zamani, a bar ɗaya haka nan. Lokacin ɗiba su auna da sikeli su rubuta. Sa'an nan malami ya riƙe amsarsa, ya yi ta tambaya. In mai takin ya fi, takin ne ya sa, ko kuwa don ya fi kusa da magudanar ruwa? In aka sāke a wata gona, haka zai fito? Haka ma'aikatan bincike na Samaru ta Zariya kan gwada iri kafin su ba manoma.

Abin ba wasa ba ne. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya zama sana'ar zuba kuɗi. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a ƙasar Kano. Mutane suka yi ta sayen magani suna feshi, alhali kuwa tsutsar cikin ganye da cikin ɗan tumatir take shiga, inda feshi ba ya kai mata sosai. Wanda ya bar fangali ɗaya ba feshi ya gwada da sauran, shi zai gane da wuri ko kuɗinsa yake zubarwa.

Saboda haka malamai su daure su bar yara su yi kuskure su gano shi da kansu. Manomi kuma, in ɗansa ya zo hutu, ya yanka masa fangali biyu, ya ba shi littafin rubutu. Gani ya kori ji. Allah ya sa a gane, amin.