Takardun yaranmu ba su da gida sai wayar malami

A zangon karatun da ya wuce, saura kwana tara mu miƙa makin 'yan ajin ƙarshe na JHS, aka zare wayar wani abokin aikina a cikin trotro tsakanin Circle da Nima. Wayar ba mai tsada ba ce, gilashinta ma ya tsage tun bara. Amma makin gwaje-gwajen aji na yara arba'in da ɗaya yana cikinta, kuma babu shi a wani wuri. Duk malamin da ya taɓa shirya yara don BECE ya san wannan maki yana shiga cikin sakamakon ƙarshe na yaro. Kwana huɗu muka yi muna bin gidaje muna karɓar tsofaffin littattafan aiki don mu sake haɗa lissafin. Wasu littattafan mun same su, wasu kuwa an riga an naɗe ƙosai da su.

Makin mun haɗa shi, da ƙyar. Abin da har yau yake hana ni sukuni wani ne daban. Wayar ba ta da makulli, ko na zane da yatsa. A cikinta akwai hotunan takardun haihuwar yaran, da katin inshorar lafiya, da Ghana Card na iyaye, da lambobin wayarsu. Duk an turo su ne ta WhatsApp lokacin rajista. Yanzu suna hannun wani mutum da ba mu sani ba, kuma babu abin da za mu iya yi a kai.

Ku yi tunanin mai damfarar MoMo da ya samu wannan. Ya san sunan yarinya, ya san ajinta, ya san sunan malaminta, ga lambar uwarta. Ya kira Hajiya tana tsakiyar sayar da waakye ya ce 'yarki ta faɗi a makaranta, muna hanyar asibiti, turo sidi kaza yanzu. Wace uwa ce za ta tsaya bincike?

Ina rubuta wannan ne don 'yan uwana malamai na Nima da Maamobi da sauran zanguna, masu koyar da boko da masu makarantun Islamiyya, domin na san ba makarantarmu kaɗai ba ce. Ofishinmu na gaskiya yanzu WhatsApp ne. A can ake tura jarrabawa kafin a buga, a can ake tura sakamako, a can ake tura takardun iyaye. Wani zai ce ai WhatsApp yana ɓoye saƙo, ba mai iya karantawa a hanya. Gaskiya ne, a hanya. Amma da zarar hoton ya iso, ya sauka cikin wayar kowane mutum da ke zauren, har da malamin da ya bar aiki shekara biyu da suka wuce ba wanda ya tuna ya cire shi. Daga nan yaransa su ɗauki wayar su yi wasa, ko ta lalace a kai wa mai gyara ta kwana uku a shagonsa.

Mutane da yawa ba su san cewa doka ta yi magana a kan wannan ba. Tun 2012 Ghana ke da dokar kare bayanan mutane, Act 843, kuma ita ta kafa Data Protection Commission. Dokar ta ɗora wa duk mai tara bayanan jama'a nauyin ya yi rajista da hukumar, ya tsare bayanan, kuma idan suka faɗa hannun da bai dace ba ya sanar da hukumar da mutanen da abin ya shafa. Ta kuma ware wasu bayanai ta ƙara musu tsauri, cikinsu akwai na yaron da ke ƙarƙashin kulawar iyaye, da na lafiya, da na addini. To rajistar makarantar Islamiyya fa? Duka ukun suna ciki. Ni dai ko da babu doka, uwar da ta miƙo min takardar haihuwar ɗanta amana ta ba ni, kuma mun san abin da ake cewa a kan amana tun muna riƙe da allo.

Ra'ayina shi ne makaranta ta mallaki wuri guda na ajiyar fayilolinta, wanda malami zai iya shiga daga gida, amma ba mallakin malami ba ne. Abin da masu kwamfuta ke kira sabar ke nan. Kada sunan ya ba ku tsoro. Kwamfuta ce kawai da ba a kashewa, aikinta ta riƙe takardu ta miƙa wa wanda aka yarje wa. Tsohuwar kwamfutar tebur ta isa. Ana sa mata Ubuntu, wanda kyauta ne, sannan a ɗora manhajar Nextcloud, ita ma kyauta, wadda aka fara a Jamus a 2016. Idan an gama, malami zai buɗe ta a wayarsa ya ga manyan aljihuna kamar na kabad: na aji ɗaya, na aji biyu, na ofis, na jarrabawa.

Haɗawar yini ɗaya ce ga wanda ya iya. Wahalar tana cikin ɗabi'unmu, kuma nan nake so mu daɗe.

Abu na farko da za mu so mu yi, na sani domin mu ma mun so, shi ne a buɗe asusu ɗaya da kalmar sirri ɗaya a raba wa kowa. Kalmar kuma za ta zama sunan makaranta da shekara, ko 786, ko bismillah da lamba ɗaya a ƙarshe. Wallahi duk wanda ya san mu zai cinka kafin ya gama shan koko. Idan kowa na shiga da makulli ɗaya, ran da tambayoyin jarrabawa suka fita ba za a san ta hannun wa ba, sai zargi ya shiga tsakanin abokan aiki. Ran da wani ya bar aiki kuma dole a canza wa kowa. Kowane malami ya samu asusunsa da sunansa, ya ga ajinsa kawai. Malamin lissafi ba shi da wani aiki da katin asibitin yaro. Wanda ya tafi, a rufe asusunsa ranar da ya tafi, ko da an rabu lafiya an yi masa walima. Ba rashin yarda ba ne. Mai gida ma idan ɗan haya ya tashi yana karɓar makullin ɗakinsa.

Sannan a kunna tabbatarwa ta biyu, wato bayan kalmar sirri sai an shigar da wata lamba da ke canzawa a wayar mutum. Malamai za su yi gunaguni mako ɗaya, su saba. Idan kuma za a aika wa uba sakamakon ɗansa, Nextcloud yana ba da damar a yi mahaɗi mai kalmar sirri da ranar mutuwa. Bayan mako guda, ko an tura shi zauren iyali ba zai buɗe ba.

Sai maganar shiga daga nesa, inda haɗarin ya fi yawa. Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe wa sabar ƙofa kai tsaye zuwa intanet. Kada a yi haka idan ba a da mai kula da ita kullum. Akwai na'urori a duniya da ba su da aiki dare da rana sai bin adireshin kwamfutoci suna taɓa ƙofa suna gwada kalmomin sirri. Ba su san Nima ba, ba su da wata gaba da mu, ƙofar da ta buɗe kawai suke nema. Abin da ya fi shi ne ɓoyayyar hanya, irin ta WireGuard. Ana ba wayar kowane malami makullinta na daban, kuma sabar ba ta ko amsa sallamar wanda ba shi da makulli. Da a ce haka muke a lokacin da aka sace wayar abokina, da minti biyu ya isa a soke makullin wayar, ɓarawo ya tafi da gilashinsa tsagagge.

Wani abu da ya ba mu wahala, kuma gara in faɗa kafin ku ɓata mako: yawancin makarantunmu da ƙaramar na'urar intanet mai SIM suke aiki. A irin wannan layi kamfanin waya yakan haɗa mutane da yawa a adireshi ɗaya, don haka daga waje ba a iya samun sabar ko an yi komai daidai. Mafita ita ce a yi hayar ƙaramar sabar a intanet ta zama mahaɗa, ko a yi amfani da Tailscale, wanda a kan WireGuard aka gina shi kuma yana tsallake wannan matsalar.

Wanda ya zauna a Accra kuma ba sai an tuna masa ruwa da wuta ba. Duk mun san daren 3 ga Yunin 2015, da ambaliya da gobarar gidan mai a Circle suka ci rayuka sama da 150. Babbar kwatar Nima idan ta cika ba ta tambayar ɗakin wa za ta shiga. Sabar ba ta zama a ƙasa, a kan kanta za a ɗora ta. A sa mata batirin da zai riƙe ta idan dumsor ya dawo, ko da na minti goma ne don ta mutu a hankali. Kuma kwafi ɗaya ba ajiya ba ce. A samu faifan ajiya na biyu, a kulle shi da kalmar sirri, a riƙa kwafa duk Juma'a, ya kwana a wani gida daban. Lokaci zuwa lokaci a gwada dawo da fayil daga cikinsa, don kada ranar buƙata a tarar fanko ake ta ɗauka ana kaiwa.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja: me ya sa duk wannan wahala alhali ga Google Drive yana ba da giga 15 kyauta? Ga makarantar da ke da malamai uku ba ta da mai iya kwamfuta, ni ma shi zan ce su ɗauka. Sabar da ba a sabunta manhajarta ta fi Google haɗari nesa ba kusa ba. Sharaɗin kawai shi ne asusun ya zama na makaranta, kada ya zama na hedimasta da lambar wayarsa, kuma kowane malami ya shiga da nasa. Amma ku tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga duhu, Ghana na ciki. An yi kwanaki ana fama. Sabar da ke cikin ofishin makaranta tana ci gaba da aiki ga duk wanda ke harabar ko intanet ya ɗauke gaba ɗaya. Kowace hanya da ribarta, makaranta ta duba ƙarfinta.

Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a miƙa komai ga yaron kwamfuta. Kowace makaranta tana da shi: tsohon ɗalibi mai kirki, shi ke gyara na'urar buga takarda, ba ya karɓar ko sisi. Shi zai haɗa sabar, shi kaɗai zai san babbar kalmar sirri. Sai wata rana bizarsa ta fito. Mu 'yan Nima mun san yadda samarinmu ke tafiya, yau kana tare da mutum a masallaci, jibi ka ji yana Jamus ko Amurka. Daga nan makaranta na da kwamfuta cike da takardunta amma ba ta iya buɗewa. Dattawanmu sun warware wannan tun kafin a haife mu: akwatin kuɗin masallaci kwaɗo biyu ake sa masa, makulli ɗaya wurin liman, ɗaya wurin ma'aji. A rubuta babbar kalmar a takarda, a rufe cikin ambulan biyu, ɗaya wurin hedimasta, ɗaya wurin shugaban ƙungiyar iyaye. A rubuta yadda aka haɗa komai da harshen da wani zai gane. A koya wa mutum na biyu, kuma zan so ta zama malama, domin a makarantunmu su suka fi daɗewa a wurin aiki.

Ba dole kowace makaranta ta yi nata ita kaɗai ba. Biyar da ke layi ɗaya za su iya haɗa kuɗi su riƙe sabar guda, kowacce da ɓangarenta a kulle. Islamic Education Unit, da ke ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa tun 1987, tana da hanyar tara malamanmu wuri ɗaya. Horon kwana biyu a lokacin hutu zai yi nisa. Kwamfuta ana iya samun mai bayarwa sadaka, wanda zai kula da ita shi ne ba a samu a kasuwa.

Da na kawo wannan magana a taron malamai, babban malaminmu na Larabci, wanda ya koyar da ni kaina ina ƙarami, ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "Malam, na ji batun makulli. Amma hoton katin uban yaro, bayan an gama rajista, me muke yi da shi?" Na yi shiru. Ba ma yin komai da shi. Lambar kawai ake buƙata a cike takarda, hoton kuma ya zauna a wayoyinmu shekara da shekaru. A ranar muka zauna kowa ya buɗe wayarsa. A tawa kaɗai na goge hotunan katin mutane sittin da uku, wasu 'ya'yansu sun gama makarantar tuni.

Idan irin abin da ya same mu ya same ku, Cyber Security Authority, wadda dokar 2020 ta kafa, tana da lambar 292 ta kai rahoto. Ku kuma gaya wa iyayen da bakinku, duk da nauyin faɗar, don su san irin kiran da zai iya zuwa musu. Mu mun yi, kuma wata uwa ta faɗa mana maganar da muka cancanta.

Sabar tamu tana kan kanta a ofis yau wata uku ke nan. Malamai takwas cikin goma sha ɗaya suna amfani da ita, sauran ukun har yanzu WhatsApp suke turo min abu, ni kuma ina mayar musu. Ambulan ɗin biyu suna inda ya kamata. Abin da ya rage shi ne kuɗin wutar da take ci da na data, wanda zuwa yanzu daga aljihuna yake fita, kuma shi zan kai gaban ƙungiyar iyaye ranar Asabar bayan la'asar.