Gidan 'Yan Ƙwallo, Daga Asuba Zuwa Lisha

A zamanin da, idan aka ce yaro ɗan ƙwallo ne, to ba yabonsa aka yi ba. Ana nufin ga wanda aka aika sayen kananzir, ya ajiye kwalba a gindin bishiya ya faɗa fili, sai da almuru ya komo da ƙura har gira, ya tarar bulala tana jiransa a zaure. Yau kuwa al'amari ya juya. A biranen ƙasar nan akwai gidaje masu yawa waɗanda uba da kansa yake sayen takalmin wasa, uwa ta wanke riga, har tuwon dare ma ba a kwashewa sai an ji sallamar masu dawowa daga fili. Irin wannan gida ne filin nan zai leƙa a makon nan, domin jama'a sun saba ganin ɗan wasa ran da ya ci kofi, amma ba safai ake tambayar wanda ya dafa masa abinci ba.

Ba a rasa irin gidan a Kano, ko Kaduna, ko Agege ta Ikko, amma Jos ta fi dacewa da misali, saboda tamaula ta daɗe da zama gado a can. Ƙungiyar Mighty Jets ta Jos ce ta lashe gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, Plateau United kuma ta ɗauka a 2017. A garin nan Segun Odegbami ya tashi, a nan Mikel Obi ya koyi wasa, daga nan kuma Ahmed Musa ya fito, ya bi ta JUTH ya je Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, kafin ya haye Turai. Mutumin da ya ga ɗan unguwar da ke maƙwabtaka da tasu ya jefa wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, yana da wuya a shawo kansa cewa wasa wasa ne kawai.

To, a ɗauki misalin wani gida a cikin garin. Maigida yana sayar da kayan gwari a kasuwar Farin Gada, uwargida malamar firamare ce, ga kuma tsohuwa, mahaifiyar maigida, tana zaune tare da su. 'Ya'ya huɗu ne. Babban yana da shekara 16, mai tsaron baya ne a wata makarantar koyon ƙwallo ta unguwa. Mai bi masa yana da 13, shi gaba yake buga wa ƙungiyar yara. Sai mace mai shekara 11, wadda ba a taɓa wuce ta a tseren makaranta ba, sai kuma auta, wanda tukuna aikinsa ɗaukar gorar ruwa ne.

Ranar gidan tana farawa tun kiran assalatu. Wanda ya san sanyin Jos da hunturu ya san ba ƙaramin abu ba ne yaro ya yaye bargo ya yi alwala, ya dawo daga masallaci ya ɗaura takalmi ya tafi gudun da koci ya ɗora masa. Kafin ya komo uwargida ta hura wuta, ta dama koko, an aiki ƙanensa sayen ƙosai, maigida kuwa tuni ya kama hanya don ya tari motocin tumatir da kabeji. Ƙarfe bakwai da rabi gida ya watse, sai tsohuwa da rediyonta.

Amma ba safiya ce wurin rigima ba, la'asar ce. Makarantar boko tana tashi wajen ƙarfe biyu, yaro ya iso gida ya ci abinci, sai ga abu biyu sun taso masa a sa'a guda, watau Islamiyya da atisaye, duka daga ƙarfe huɗu zuwa shida. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Malamin Islamiyya ya aiko cewa kwana uku bai ga yaro ba, hadda tana zubewa. Koci shi ma ya aiko cewa wanda bai zo atisaye ba ba zai sa shi a wasan Asabar ba. Kowannensu da gaskiyarsa. Alhamis da Juma'a ne kaɗai ake samun sarari, tun da bisa al'ada ranakun hutun karatun allo ne, amma kwana biyu ba su isar koci. Abin da gidan ya yanke shi ne yaran su koma karatun dare, tsakanin magariba da lisha. Dabara ce mai kyau a baki. A aikace kuwa, yaron da ya yi sa'a biyu yana gudu cikin ƙura, da ya zauna a tabarma sai gyangyaɗi, malam yana biya masa yana amsawa da ka. Bayan lisha ga aikin gida na boko yana jira, galibi da hasken tocila in an ɗauke wuta.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke cin gidan a hankali kamar gara. Sabon takalmin ƙwallo ya fi ƙarfin mai sayar da tumatir, saboda haka kasuwar Katako ake zuwa a tona na gwanjo. Ƙafar yaro kuwa ba ta jiran ciniki ya yi kyau, kafin shekara ta zagayo takalmi ya matse, sai a kai wa shumeka ya ɗinke bakin, a miƙa wa ƙane, a koma Katako. Ga kuɗin wata na makarantar ƙwallo, ga na riga, ga karo-karon motar da za ta kai yara wasa Bukuru ko wani gari. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin keke zuwa fili da dawowa ya zama abin lissafi, har wata rana sai yaran su taka da ƙafa, su isa a gajiye tun ba a hura usur ba. Ba sau ɗaya ba adashin uwargida, wanda ta yi niyyar sayen keken ɗinki da shi, ya ƙare a kan ƙwallo.

Ita uwargidan ce ma ya kamata a dakata a kanta, domin duk wanda ya ƙirga wahalar gidan zai ga rabonta ya fi na kowa, alhali ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa bakin fili ba. Yaro mai atisaye ci yake kamar fara. Mudun shinkafar da a da yake kwana biyu, yanzu zama guda ne, in an dafa dankali ko gwate sai an ƙara tukunya. Wankin kaya kullum ne, jar ƙasa kuwa in ta kama farar safa ba ta saki da daɗin rai, ga ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa. Ita ce mai gasa ƙafa da ruwan zafi in an yi targaɗe. Ita ce mai tuna wa ke da wasa gobe, wa ke da jarrabawa, wa ya bar rigarsa a igiya. Duk wannan bayan ta yini tsaye gaban aji, ga littattafan 'yan makaranta tana dubawa har dare ya raba. Ranar da yaro zai ci ƙwallo, a kasuwa maigida ake yi wa barka.

Ran Asabar maigida yakan bar wa yaronsa rumfa ya tafi kallo. Filin wata firamare ne, babu ciyawa, raga kuwa sanduna ne kawai. A nan ake ganin wani hali da ya kamata iyaye su yi wa kansu faɗa a kai. Mutumin da bai taɓa buga wasan kirki ba sai ya tsaya bakin layi ya zama koci, yana ce wa ɗansa ya hau gaba, koci na cewa ya tsaya baya, yaro ya rasa wanda zai bi. In an ci su, tun a hanya ake fara yi masa bitar kurakuransa, har a lissafa masa kuɗin takalmi. Yaro mai shekara 13 da aka ɗora wa ginin gidan ubansa a ka, ƙafarsa ba za ta yi sauƙi ba.

Rauni shi ma yana da tasa gardamar. Da babban ya faɗi a kan hannu, tsohuwa ta ce a kira mai ɗori, uwargida ta ce sai an ɗauki hoton ƙashi a asibiti tukuna. Uwargida ce da gaskiya. Ƙashin yaro yana da wurin tsiro kusa da gaɓa, wanda bai gama ƙwari ba, in karaya ta bi ta nan aka ɗaure a karkace, hannun yana iya girma a karkace har abada.

Babbar jarrabawar gidan dai ba a fili ta zo ba, a zaure ta zo. Wata rana bayan la'asar wani mutum ya yi sallama, sanye da kaya masu tsada, wayarsa cike da hotunansa tare da 'yan wasa. Ya ce shi wakili ne, ya ga babban yaron, akwai wata ƙungiya a Turai da za ta gwada shi. Abin da ake bukata kawai kuɗin fasfo da biza da jirgi, sa'an nan a rage wa yaro shekara biyu a takarda. Daren nan maigida bai runtsa ba, har ya fara lissafin filin da ya gada a ƙauye.

"Malam," in ji uwargida, "in su ke sonsa, me ya sa mu za mu biya?"

Tambayar nan ita ce duk maganar. Galibi ƙungiyar da ke son ɗan wasa da gaske ita ke aiko da takardar gayyata ta ɗauki nauyin tafiya. Har wa yau dokar hukumar FIFA ta hana a sayar da yaron da bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa, sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa, kamar iyayensa su ƙaura can saboda dalilin da ba na ƙwallo ba. An sha samun yaran Afirka ta Yamma da iyaye suka sayar da gona aka tura su, wakili ya karɓe kuɗi ya ɓace, aka bar su a ƙasar da ba su san kowa ba, biza ta ƙare, kunya kuma ta hana su komowa. Wani abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Watau takardar rajistar da ake miƙo wa uba ya sa hannu a tsaye ba ta banza ba ce, ta cancanci a zauna a karanta.

Rage shekaru kuwa tsohon ciwo ne. Nijeriya ta ci kofin duniya na yara har sau biyar, tun daga 1985 a ƙasar Sin, inda ta doke Jamus ta Yamma da ci biyu ba ko ɗaya, sai 1993, 2007, 2013 da 2015, kuma wannan abin alfahari ne. Amma a 1989 FIFA ta dakatar da ƙasar nan shekara biyu daga wasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa. Daga 2009 aka shiga duba ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI, ana neman wurin tsiron nan da aka ambata, domin in ya riga ya haɗe alama ce mai shi ya wuce shekarun. A 2016 'yan wasa 26 suka faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Nijar, Nijar kuwa ta fitar da Nijeriya. Ban da haka, uban da ya je kotu ya yi rantsuwar ƙarya a kan ranar da aka haifa masa ɗa, a gaban ɗan, da wane baki zai hana shi ƙarya gobe? Maigida dai ya ce wa wakili ya kawo takardar ƙungiyar a gani. Har yau bai dawo ba. Yaron ya yi mako biyu ba ya cin abinci sosai, yana ganin an toshe masa arziki, ga jarrabawar WAEC tana tafe baɗi, uban kuma ya kafa doka cewa in sakamakon zango ya faɗi, takalmi zai shiga akwati a kulle.

Saura maganar yarinya, wadda har yanzu ba a kashe ba. Malamin wasanni ya ce bai taɓa ganin mai gudunta a ajinta ba. Uwargida ta ɗinka mata dogon wando da ƙaramin hijabi, tana kuma kafa hujja da cewa Chioma Ajunwa, mace, ita ta ci wa Nijeriya zinare a tsallen nesa a wasannin Olamfik na 1996, Tobi Amusan kuma ta kafa bajintar duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022, har ƙwallon ƙafa ma tun 2014 aka yarda mata su buga da kansu a rufe. Tsohuwa ba ta san waɗannan ba, ba ta kuma nemi sani ba.

"Kishiyar tawa ce za ta riƙa zabga gudu gaban maza?" in ji ta. "To wa zai aure ta, wanda ya kamo ta?"

"Inna, ai yarinya ce tukuna," in ji maigida.

"Yarinya ce yau. Gobe fa?"

Maigida ya yi shiru, domin shi kansa zuciyarsa biyu ce. Bai ga laifin tseren cikin makaranta ba, amma wannan karon tafiya ce ta kwana uku zuwa wani gari, kuma bai san wace malama za ta raka su ba, balle inda za su kwana. Ya ce zai je ya ga hedimasta ya tambaya. Takardar izinin da malamin ya aiko tana nan a ƙarƙashin rediyon tsohuwa, ba a sa hannu ba, ran Litinin kuma za a rufe karɓa.