Kafin ki yaga littafin yaron nan

'Yar uwa, bari in fara da laifina. Shekara uku da suka wuce na buɗe littafin lissafin ɗana, yana aji huɗu, sai na tarar shafukan baya duk zane ne: ga rumfunan kasuwar Gaya, ga amalanke, ga wata akori-kura da ta sha lodi har ta karkace. Ban ko tsaya kallo ba, na yage su a gabansa, na ce ba tsintar kuɗin littafi nake yi ba. Bai yi kuka ba. Amma sai da na yi wata da watanni ina lallashi kafin ya sake zana ko da'ira.

Hotunan Fati Abubakar ne suka sa na ji kunyar abin da na yi. Tunda wayarki na hannu, ki nemi Bits of Borno a Instagram. Fati 'yar Maiduguri ce, ta karanci aikin jinya, ta ƙaro ilimi a Landan. A 2015, lokacin da duniya ba ta san komai game da Borno ba sai bam da gudun hijira, ta rataya kyamara ta shiga gari tana ɗaukar 'yan makaranta, 'yan kasuwa, masu biki, da yara cikin kayan sallah. BBC da New York Times sun ba da labarinta, an kuma baje kolin hotunan a Legas. Baje kolin nan ba wani abu ba ne illa babban zaure, a rataye aikin mutum a bango da sunansa, jama'a su zagaya su kalla, mai so ya saya.

Da na gama kallo sai na tambayi kaina, to mu wa zai nuna mu? Baƙo ba ya zuwa Gaya ko Ajingi da kyamara sai an yi wani iftila'i ko lokacin siyasa. Matar da ke sussukar gero da sassafe, da tsohuwar da ke saƙa faifai a zaure, ɗan gida ne kaɗai ya san su, shi kuma muna ƙwace masa fensir.

Na san abin da ke ranki, don ni ma shi ne a nawa: addini. Malamanmu sun hana sassaƙa ko ƙera surar abu mai rai, a kan hoton kyamara kuma sun yi saɓani. Wannan ki tambayi malaminki, ba ni ba. Amma fasaha ba ta tsaya a mutum-mutumi ba. Dagin da ke jikin sorayenmu da zayyanar allon sauka ai zane ne, babu mai rai a ciki. El Anatsui, ɗan Ghana da ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975, murafen kwalabe yake tarawa (yawanci na giya ne da aka zubar, kada ki ce ban faɗa miki ba), a daddage su, a ɗinke da wayar tagulla, su zama kamar ƙaton zane mai sheƙi. An sayar da irinsu fiye da dala miliyan 1, kuma a 2023 aikinsa ya cika babban zauren Tate Modern da ke Landan.

Yanzu ki dubi yaronki da ke bin bola yana tara gwangwani da tsohon silifa don ya haɗa mota. Ke ɓarna kike gani. Alhali tarihin baka ya ce maƙeran Gaya, Abagayawa, su ne suka zo gindin Dala neman tama, har gari ya ci sunan ɗayansu, Kano. Yaron gado ya yi.

Ba na ce kowane mai zane zai yi arziki ba, da yawa ma da kyar suke ci. Lissafi da Islamiyya suna nan a matsayinsu. Amma akwai sashen koyar da zane-zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma mai iya zane ne ke tsara ginin gida, aikin hula da tallan kaya. Ki saya masa littafi daban. Idan hutu ya zo, ki kai su Gidan Makama a Kano su ga kayan da hannun kakanninsu ya yi. Idan kuma 'yarki ce mai son ɗaukar hoto, ki kafa mata doka tun yanzu: ba a ɗaukar mutum sai da izininsa, balle matar aure, kuma ba komai ake ɗorawa a intanet ba.

Nawa yanzu yana ƙaramar sakandare. Makon jiya ya zana ɗakin girkina, har da tukunyar da hannunta ya karye, wadda nake ɓoyewa idan na yi baƙi.