Makullin da Ba a Murɗawa

 A wannan wata za mu duba wani ɗan abu ne wanda bai fi goro ɗaya girma ba, amma ranar da ya ɓata sai ka ga mota mai kuɗin gida ta zauna a ƙofa kamar dutse. Wato makullin zamani, wanda ba a zura shi a rami, ba a kuma murɗa shi. Wani dunƙulalle ne, wani kuma shafal kamar katin banki. Mutum zai bar shi a aljihu, ya kama hannun ƙofa ta buɗe, ya taka birki ya danna maɓalli, inji ya tashi.

A da, sai a motocin manyan attajirai ake ganin wannan. Yau kuwa duk wanda ya zaga wuraren sayar da motocin hom-yus da ake saukewa a Tema, zai tarar har ƙananan Toyota da Honda da Hyundai da Kia da yawa da shi suke zuwa. To, mun karɓi motar, amma da yawa daga cikinmu har yanzu riƙon da muke yi wa makullin irin na da ne, wanda in ya ɓata za a je wurin mai yankan makulli a Alabar ko Kejetia ya goga wani cikin minti biyar. Wancan zamani ya wuce, kuma rashin sanin haka yana jawo asarar kuɗi, wani lokaci ma asarar motar ɗungum.

Bari mu faro daga tushe. A shekarar 1982 ce kamfanin Renault na Faransa ya sa wa motarsa mai suna Fuego makullin da ke buɗe ƙofarta daga nesa. Makullinta yana aiki ne da irin hasken nan da ido ba ya gani, kamar rimot ɗin talabijin, don haka sai an saita shi ga motar sosai. Daga baya aka koma ga igiyar rediyo, wadda ba ruwanta da saiti. A 1993 motar Chevrolet Corvette ta Amurka ta zo da wanda ba sai an danna komai ba, da mai ita ya matso sai ƙofa ta buɗe, amma tayar da inji sai da ƙarfe. A waɗannan shekaru ne kuma satar mota ta addabi Turai, sai aka fara dasa wata 'yar ƙwayar lantarki a cikin kan makulli, wadda in mota ba ta gane lambarta ba, inji ba zai tashi ba ko da ɓarawo ya haɗa waya. Jamus da Ingila sun wajabta wannan a kan sababbin motoci a 1998.

Mercedes-Benz ce ta haɗa abubuwan nan biyu wuri guda, a kan S-Class ɗin da ta fito a 1998, da wani kati da kamfanin Siemens ya ƙera, wanda ke buɗe ƙofa ya kuma tayar da inji yana cikin aljihu. Sai a 2001 Renault ya sauko da katin zuwa motar masu matsakaicin hali, wato Laguna ta biyu. Wani jami'in kamfanin, Bernard Dumondel, shi ya samo dabarar daga katin buɗe ɗakin otal. Katunan farko sun sha wahala a hannun masu sa su a aljihun baya suna zama a kai, domin da kati ya lanƙwashe sai haɗin da ke cikinsa ya tsinke. Tafiya ta ci gaba, har a 2017 Tesla ta fito da Model 3 wadda wayar hannu ce makullinta, a 2020 kuma Apple da BMW suka sa makullin mota a cikin iPhone.

To, yaya abin yake aiki? Ku ɗauka kamar maigadi ne da kalmar sirri. A jikin motar akwai ƙananan eriya, a hannun ƙofa, da cikin mota, da wajen but. Da ka taɓa hannun ƙofa sai mota ta yi kira da wata igiyar rediyo mai rauni, galibi mai kilohaz 125, wadda ba ta wuce mita ɗaya zuwa biyu. Da gangan aka raunana ta, domin kada makullin da ke nesa ya ji. In makulli yana kusa sai ya farka, mota ta ba shi wani lissafi, shi kuma ya warware da lambar sirrin da su biyu kaɗai suka sani, ya mayar da amsa ta wata igiya mai ƙarfi. Duk wannan bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Kowane karo kuma tambayar sabuwa ce, saboda haka wanda ya naɗi amsar jiya ba za ta yi masa amfani yau ba. Kafin inji ya tashi, sai eriyoyin ciki sun tabbatar cewa makullin yana cikin motar ne, ba a waje ba.

Wanda ya gane wannan, zai gane abubuwa huɗu da suka shafi aljihunsa da lafiyarsa.

Na farko, wannan makulli ba a yanka shi, rajista ake yi masa a ƙwaƙwalwar mota, da na'urar da ake jonawa a wata kafa da ke ƙarƙashin sitiyari. In akwai makulli ɗaya mai aiki, ƙara na biyu yana da sauƙi. In kuwa duka sun ɓata, kuɗin kan ninka sau da yawa, a wasu motocin ma sai an ciro ƙwaƙwalwar ko an sake ta. Motocin hom-yus da yawa da makulli ɗaya suke isowa. Saboda haka wanda ya saya, kafin ya yi tunanin fenti ko rediyo mai ƙara, ya fara yin na biyu ya adana a gida.

Na biyu, amsar da makulli ke mayarwa ba iri ɗaya ba ce a ko'ina. Motocin da aka yi domin Turai galibi megahaz 433 suke ji, na Amurka da Kanada kuma galibi 315. Mu nan daga ko'ina ake kawo mana, don haka makulli biyu za su yi kama kamar tagwaye, amma ɗaya ba zai taɓa yin magana da motarka ba. A duba lambar da ke bayan tsohon ko cikinsa kafin a biya kuɗin sabo.

Na uku, akwai ɗan batir a ciki mai kama da kwabo, yawanci CR2032 mai bolt 3, wanda kan yi shekara biyu ko kusa da haka. In ya mutu ba a kiran motar ja. Akwai siririn makullin ƙarfe a ɓoye a jikinsa na buɗe ƙofar direba. In an shiga, a yawancin motoci sai a manna makullin a jikin maɓallin tayarwa, a wasu kuma a zura shi a gurbin da aka tanada, domin ƙwayar da ke ciki tana iya aron wuta daga motar. A kuma kiyaye shi daga ruwa, musamman masu sa shi a aljihun gaban riga suna sunkuyawa wajen alwala.

Na huɗu, inji ba ya mutuwa don makulli ya fita daga mota. An yi haka ne domin kada mota ta tsaya a tsakiyar hanya. A ce direba ya kai Alhaji filin jirgin sama, Alhaji ya sauka da makulli a aljihu ya tashi zuwa Ankara, babban birninmu. Motar za ta yi 'yar ƙara ta gargaɗi, amma za ta tafi, sai dai duk inda direba ya kashe ta, nan za ta kwana. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni. Wanda ya saba zare makulli yakan fita ya manta bai danna maɓalli ba, musamman a motocin da ke haɗa fetur da batir waɗanda ba a jin ƙararsu. A 2018 jaridar New York Times ta ƙirga mutum 28 da hayaƙin irin waɗannan motoci ya kashe a Amurka tun daga 2006, bayan an bar su a kunne a garejin da ke jikin gida. Mai ajiye mota a rufaffen wuri kusa da ɗakin kwana ya lura.

Sai maganar ɓarayi. Ba su iya warware lissafin ba, sai suka zagaye shi. Mutum biyu ne ke aikin, ɗaya ya tsaya jikin mota da wata na'ura, ɗaya ya tsaya jikin bangon gida da wata. Na farko ya ɗauki raunannen kiran motar ya miƙa wa na biyu, kiran ya isa ga makullin da ke cikin ɗaki, makulli ya amsa bisa gaskiya, mota ta ɗauka mai ita ne ya zo. A 2011 masu bincike a wata jami'a ta birnin Zurich sun gwada wannan a kan motoci iri 10 na kamfanoni 8, duka suka buɗe. Ku dubi yadda muke zaune a Aboabo da Asawase da Sabon Zango: mota a bakin titi, tagar ɗaki tana kallonta, makulli a rataye a ƙusa jikin taga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maganin ba shi da tsada. A nisanta makulli daga taga da ƙofa, a sa shi cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi, irin na Milo, domin ƙarfe yana tare igiyar rediyo. A gwada tukuna: a riƙe gwangwanin a rufe a je jikin mota, in ƙofa ta ƙi buɗewa, to ya yi. Tsohon ƙarfen nan na ɗaure sitiyari shi ma har gobe yana da rana. Su ma kamfanoni ba su zauna ba. A 2019 Ford ya fito da makullin da ke yin barci in ya yi daƙiƙa 40 ba a motsa shi ba, wasu sababbin motocin kuma suna auna lokacin da amsa ta ɗauka kafin ta dawo, in ta makara ko kaɗan su ƙi buɗewa.

Wannan sata ta shafe mu ta wata fuskar ma. A Kanada an sace motoci fiye da 105,000 a shekarar 2022, kuma an sha gano wasunsu a Afirka ta Yamma. A watan Disamba na 2022 ɗin hukumar EOCO ta ƙasar nan ta kwashe motoci 37 daga wuraren sayar da motoci a Ankara, bisa zargin cewa an sato su daga Amurka da Kanada. Wanda ya sayi irin wannan, ko da bai sani ba, yana iya rasa mota ya rasa kuɗi. Babbar mota mai araha, da makulli ɗaya tak wanda ba tambarin kamfani a jikinsa, abin tambaya ce. A kai lambar shasi ofishin Interpol da ke hedikwatar CID a duba kafin a biya. In ciniki ya faɗa, a sa mai na'ura ya duba makulli nawa motar ta sani, ya goge duk wanda ba ya hannunka.

Daga ƙarshe, kira ga iyaye da mastocinmu na Magazin. Sunan Suame ya kai ko'ina a Afirka ta Yamma saboda hannun mutanenta, waɗanda in babu kayan gyara sai su ƙera. Amma guduma da sifana ba sa magana da ƙwaƙwalwar mota. Yaron da zai ci abinci a wannan sana'a nan gaba sai ya iya karatu, ya iya kwamfuta, ya iya bin zanen wayoyi. Kada a cire yaro daga makaranta don a kai shi koyon aiki, a haɗa masa biyun. Su kuma waɗanda suka riga suka iya yi wa makulli rajista, su san amana ce a hannunsu, domin na'urar da ke taimakon mai mota ita ce ke taimakon ɓarawo. Kada a yi wa kowa makulli sai ya nuna takardun DVLA da katin ɗan ƙasa masu suna ɗaya. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Mu kwana nan. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya rubuto ta hannun edita. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu, a sauka lafiya.