DUNIYA LABARI: Gidan taron da aka yi wa gona a kan rufi

A wannan wata filin namu zai haye teku ya sauka birnin Niyok na ƙasar Amurka, inda 'yan'uwanmu da dama ke neman na kansu a unguwar Bronx. Amma ba su za mu gaisar ba yau. Wani katafaren gida za mu leƙa a bakin kogin Hudson, can yammacin Manhattan, wanda ake kira Cibiyar Javits.

An buɗe gidan a shekarar 1986, aka sa masa sunan Jacob Javits, wani ɗan majalisar dattawan Amurka da ya rasu a wannan shekara. Aikinsa shi ne karɓar manyan tarurruka da baje koli. A nan ake yin baje kolin motoci na birnin, haka kuma a 2020 da annobar korona ta yi tsanani, shi aka mayar asibitin wucin gadi. Wato dai irin Cibiyar Taro ta Duniya da aka gina a Akara a 1991, sai dai wannan ya ninka ta girma nesa ba kusa ba.

To, magina sun lulluɓe gidan da gilashi mai duhu tun daga ƙasa har sama, abin gwanin kyau. Ashe kyan ɗan maciji ne. Birnin Niyok yana kan hanyar da tsuntsaye ke bi idan suna ƙaura, su yi kudu in sanyi ya gabato, su komo arewa in ya wuce. Shi kuwa tsuntsu bai san gilashi ba. In ya hango gajimare da itatuwa a cikinsa sai ya ɗauka sarari ne, ya taho a guje ya gwabza kai, ya faɗo matacce. Masu ƙungiyar kula da tsuntsayen birnin da ke zagayawa suna ƙirga gawarwaki suka sa gidan cikin waɗanda suka fi kowane kisan tsuntsaye a garin.

Da aka tashi yi wa gidan babban gyara, aikin da aka gama a 2014, sai aka cire wancan gilashi aka sa wani mai ƙananan ɗigo-ɗigo da aka gasa a jikinsa. Mutum daga nesa ba zai ma lura da su ba, amma tsuntsu yana gani ya kauce. Ƙidayar da aka yi bayan gyaran ta nuna mutuwar tsuntsaye ta ragu da kimanin kashi 90 cikin 100. Ɗigon kuma yana tare wani abu na zafin rana, ka ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan, ko da yake wannan karin magana bai dace da wurin ba.

Sai rufin. Nan ne abin ya fi burge ni. An shimfiɗa ƙasa mara kauri a kansa, faɗin kusan eka 7, aka dasa wani ɗan tsiro mai kaurin ganye da ake kira sedum, wanda ke riƙe ruwa a jikinsa ya jure fari. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin soro ya kuma kwana a ɗakin kwano lokacin bazara ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ƙasa tana tare zafi, kuma in ganye na fitar da danshi sai iskar wurin ta yi sanyi. Saboda haka na'urorin sanyaya ɗaki ba sa wahala kamar da. Hukumar gidan ta ce gyaran gaba ɗaya, wato rufi da gilashi da sababbin na'urori, ya rage musu shan wuta da kashi 26 cikin 100.

Akwai kuma batun ruwan sama. A yawancin unguwannin Niyok bututu ɗaya ne ke kwashe ruwan sama da ƙazantar bayan gida. In an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya sai bututun ya cika ya batse, a sako abin da ke ciki kai tsaye cikin kogi. Rufin kwalta ko na siminti ba ya riƙe ko ɗigo, nan take yake turo ruwan ƙasa. Shi kuwa wannan yana tsotsewa kamar soso, an ce har galan miliyan 7 a shekara, sauran kuma ya sauko a hankali bayan hadari ya wuce. Mutanen Akara da suka ga ambaliyar 3 ga Yuni 2015 sun san abin da ruwa ke yi in ya sauka gaba ɗaya kan gari mai siminti da toshasshen lambatu.

Abin da magina ba su shirya ba shi ne baƙin da suka zo. Tsuntsayen teku suka mai da rufin wurin ƙwai da ƙyanƙyasa, jemagu suka riƙa zuwa farautar ƙwari da dare, aka kuma kafa amya ana ɗibar zuma. Gidan da aka sani da kashe tsuntsu ya koma ana hawa samansa don a ƙirga 'ya'yan tsuntsu.

A 2021 aka ƙara wa gidan wani sabon ɓangare da ya ci dala miliyan 1,500. A kan rufinsa aka yi gona sosai mai faɗin eka 1, da lambun itatuwan marmari, kamfanin Brooklyn Grange ke nomawa. An tsara ta ba da kayan lambu har kimanin tan 18 a shekara, ana saukar da su kicin ɗin gidan a dafa wa mahalarta taro. Ruwan ban ruwan ma na sama ne da ake tarawa a manyan tankuna a ƙarƙashin ginin. An kuma gina wa manyan motocin kaya wurin tsayawa a ciki, don su daina yin layi a titi injin na aiki suna turnuƙe maƙwabta da hayaƙi.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka an gama magana. Tan 18 na ganye ba zai ciyar da gidan da ke karɓar dubban ɗaruruwan mutane ba, ɗanɗano ne kawai. Babbar ɓarnar baje koli tana ƙasa, ba a kan rufi ba. Kowane kamfani zai zo ya kafa rumfar katako, a shimfiɗa kafet sabo fil, a yi kwana uku ko huɗu, a wargaza. Gidan yana da shirin tattara kujeru da tebura da sauran kayan da masu baje koli suka bari a ba ƙungiyoyin taimakon jama'a, kuma wannan abin yabo ne, amma ba kowane tarkace ke da mai so ba. Ga kuma jiragen sama da ke kwaso mahalarta daga ko'ina a duniya, waɗanda hayaƙinsu ba ya cikin lissafin wutar gidan. A ganina ciyawar rufi ba ta wanke wannan, musamman a gidan da babban bikinsa na shekara shi ne tallar mota.

Inda na ga gyaran ya yi tasiri da gaske shi ne wajen gilashin, don ya nuna wa hukuma cewa abin mai yiwuwa ne a babban gini. A 2020 birnin Niyok ya kafa dokar da ta wajabta wa masu sabon gini su yi amfani da gilashin da tsuntsu ke iya gani, ta fara aiki a watan Janairun 2021. Tsofaffin gine-gine dai dokar ba ta taɓa su ba, sai ranar da mai gida ya tashi sauya gilashin jikin gidansa.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.